Yadda nake shirya tebur da naɗa zare a kan sandar fatsa

Duk wanda ya ɗauki sandar fatsa da aka haɗa da hannu, abin da idonsa yake fara sauka a kai shi ne zaren da aka ɗaure zobban da shi, zobban nan da igiyar fatsa take bi ta cikinsu. Idan naɗin ya kwanta sumul, babu giɓi, babu tudu, sai ya ce mai aikin gwani ne. Amma yawancin wannan kyan tun kafin zare ya zaga sanda ake samo shi: daga tsayin tebur, da inda haske yake faɗowa, da inda reza take kwance, da yadda aka gyara ƙafar zoben, wato ɓangarensa da yake kwanciya a jikin sanda a naɗe shi da zare. Abin da nake so in nuna maka ke nan, yadda ni nake yi da kuma dalilina.

Mu fara da teburin. Tsurar sanda, wato wadda ba a sa wa zobba da mariƙi ba tukuna, idan ba a raba ta biyu ba takan kai mita 2 ko fiye, saboda haka kana buƙatar wuri mai tsawon da za ta kwanta ba tare da bakinta yana dukan bango ba. Idan teburinka gajere ne, ɗora dogon katako miƙaƙƙe a kai ka ɗaure shi, ya wadatar. Tsayinsa kuwa, ka zauna a kujerar da za ka riƙa aiki da ita, ka ɗora damatsanka a kai. Idan kafaɗunka sun ɗage sama, teburin ya yi tsayi. Idan sai ka sunkuya, ya yi ƙasa. Naɗin zobba takwas ko tara yana cin lokaci, kuma da zarar wuya ya fara ciwo hannu yakan fara sauri, daga nan aiki ya lalace.

Sandar tana kwanciya ne a kan 'yan tsayayyun katakai da aka yanke wa baki mai siffar V. Ka liƙa ƙyalle mai laushi a cikin bakin, domin jikin sandar girafait, wato wadda aka yi da zaren kabon, ba ya son karta, kuma karta mai zurfi a kusa da tsini takan zama wurin karyewa wata rana. Ni ina ɗaga sandar kimanin santimita 12 zuwa 15 daga fuskar tebur, yadda hannuna zai shiga ƙarƙashi, kuma zoben da ya fi girma zai juya bai taɓa komai ba. Wanda bai da katako, kwali mai ƙarfi da aka yanke wa V a gefe biyu yana yin aikin, kuma an haɗa sanduna masu kyau da shi. Abin da ba na yarda da shi shi ne matallafi biyu kacal. Ka samu uku ko huɗu, waɗanda za ka iya matsarwa. Dalilin yana wajen tsini: can sandar siririya ce, zare yana janta sai ta lanƙwasa, ta riƙa rawa a hannunka. Idan ka kawo matallafi ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne bai wuce taƙi ɗaya daga wurin aiki ba, sai ta tsaya cak.

Akwai injin naɗi mai feda da ake takawa da ƙafa. Yana da amfani ga mai yin dogayen naɗi a kan manyan sandunan teku. Ga mai farawa, hannu ya fi, domin a yatsunka za ka koyi jin ƙarfin zare, kuma inji ba zai koya maka wannan ba.

Haske ya kasance fari, irin na rana, don kada launin zare ya ruɗe ka. Fitila ɗaya daga sama, wata ƙarama mai wuya da za ka iya karkatar da ita ta hasko naɗin daga gefe, ƙasa-ƙasa. Wannan ta gefen ita ce mai tona asiri: giɓin da bai kai kaurin gashi ba sai ya yi inuwa ka gan shi. A ƙarƙashin sanda ina shimfiɗa farar takarda. Tana mayar da haske sama, kuma duk guntun zaren da ya faɗi ana ganinsa. Idan idonka yana gajiya, ka sa tabarau mai ƙara girma tun daga farko, kada ka jira sai kai ya fara sarawa.

Yanzu ga inda na fi tsanantawa. A lokacin naɗi hannu ɗaya a ɗaure yake, yana riƙe da sanda da zare, ba ya sakin su. Ɗayan ne kaɗai yake da 'yanci, kuma idonka yana kan zare. Ke nan duk abin da za ka ɗauka dole ya kasance a inda hannu zai same shi ba tare da ido ya raka shi ba. Ni na-dama ne, don haka a damana, a jere, kullum a wuri ɗaya: sabuwar reza, ƙaramin almakashi mai tsini, magogin roba mai santsi da nake daddanne zare da shi, sai madaukin jan zare, wanda ake jan wutsiyar zare da shi ta shige ƙarƙashin naɗi a ƙarshe. Wannan madaukin da igiyar fatsa saƙaƙƙiya nake yin sa, mai launi mai ɗaukar ido, in ɗaura masa ɗan dutsen ado a gindi don kada ya ɓace a kan tebur, kuma in samu abin riƙewa lokacin ja. Ina yin uku in ajiye, domin sukan tsinke. Salatif na takarda kuma tun kafin in zauna nake yanka shi siri-siri, faɗin milimita 3, in manna su a bakin tebur suna reto. Zobban ina jera su daga babba zuwa ƙarami a kan salatif da na juya gefensa mai danƙo sama, saboda ƙananan suna kama da juna, kuma idan ɗaya ya gangara ƙasa sai ka yi da gaske kafin ka gan shi.

Ƙura da maiƙo su ne abokan gabar wannan tebur. Mariƙin sanda galibi da kok ake yin sa, ɓawon itacen nan mai taushi da aka fi samu daga Fotugal, kuma huda shi da goge shi da samfefa yana tayar da ƙura mai laushi da take kwana a iska. Wannan aikin a wani ɗaki nake yin sa, ko a waje, in gama shi kaf kafin in taɓa zare. Haka nan gyaran ƙafar zobe da magagari, don garin ƙarfe ba ya fita daga zare idan ya shiga. Maiƙo kuwa daga hannunka yake zuwa. Wanke hannu da sabulu kafin ka zauna, kada ka shafa mai. Duk wani abin fesawa mai silikon, irin na goge katako ko na sassauta ƙarfe, kada ya shigo ɗakin ko kaɗan. Silikon yana korar efoksi, wato ruwan danƙon da ake shafa wa naɗi a ƙarshe ya taurare, sai ka ga ruwan ya dare ya bar 'yan ramuka a kan naɗin da ka sha wahala a kai. Tsurar sandar ma ina goge ta da sifirit a tsumma mai tsabta kafin in fara.

Sai ƙarfin jan zare. Hanya mafi sauƙi ita ce ka jefa kwarkwaron a cikin kofi a bayan tebur, ka bi da zaren ta tsakiyar littafi mai kauri, ka ƙara nauyi a kai ko ka rage har ya yi daidai. Tana aiki, sai dai takarda tana gogar zaren, wani lokaci ta tayar masa da gashi. Na fi son matse kwarkwaron kansa: a zura shi a dogon sukuru, washa a kowane gefe, sifirin, sannan noti mai kunne da kake murɗawa. Ta haka babu takardar da za ta gogi zaren. Ka lura da abu ɗaya: yayin da zare yake raguwa a kwarkwaro, jan yana ƙaruwa ko da ba ka taɓa notin ba, saboda da'irar ta ƙanƙance. Sai ka riƙa sassautawa kaɗan. Ina kuma bi da zaren ta hancin wata siririyar waya mai lanƙwasa kafin ya iso sanda. Amfaninta shi ne idan zare ya hau kan ɗan'uwansa ina so in koma baya zagaye biyu ko uku, wayar tana ɗauke rarar, zaren ba ya yin sako-sako.

Ta yaya za ka san jan ya yi daidai? Bayan ka gama naɗi, tura zoben gefe da babban yatsa. Ya kamata ya matsa, amma sai ka sa ɗan ƙarfi. Idan ya ƙi motsi sam, ka matse da yawa, kuma a sanda mai siririn bango ƙafar ƙarfe tana iya cin jikinta. Idan yana zamewa da taɓawa kawai, ya yi sako-sako. Mutane da yawa suna matsewa saboda suna ganin zaren ne kaɗai yake riƙe zoben, alhali efoksin da zai ratsa zaren ne yake kulle komai. Abin da ya fi yawan jan muhimmanci shi ne ya zama iri ɗaya daga zobe na farko har na ƙarshe, domin zaren nailan idan ya miƙe da yawa launinsa yakan bambanta a ƙarƙashin efoksi, sai ka ga wani naɗin ya fi wani duhu.

Zare iri-iri ne. Lamba A siriri ne, shi ake sa wa yawancin sandunan ruwan daɗi da duk wata sanda marar nauyi. Lamba D mai kauri ne, na manyan sanduna. Mai koyo yakan ji daɗin D don ana ganinsa sosai, amma A ya fi kwanciya sumul kuma bai cika shan efoksi ya ƙara wa tsini nauyi ba. Masu sandar gora sukan yi amfani da siliki. Nailan na yau da kullum idan efoksi ya jiƙa shi yakan yi duhu, ya zama ana hango ƙafar zoben ta cikinsa. Wasu haka suke so, ni ma a kan baƙar sanda ina son sa. Idan kana son launin ya zauna yadda yake a kwarkwaro, ko dai ka shafa ruwan tsare launi ka bar shi ya kwana ya bushe, ko ka sayi zaren da aka rubuta wa NCP, wanda ba ya buƙatar wannan. Zaren aikin ado na keken ɗinki yana da launuka masu kyau, amma wasunsu an shafe su da silikon don su zame a allura, saboda haka kada ka yarda da shi sai ka gwada. Gwaji kuwa ba shi da wahala: guntun karyayyiyar sanda mai launi ɗaya da taka, naɗi huɗu ko biyar, ka shafa efoksi, gobe ka duba.

Nemo ƙashin bayan sanda, wato layin da ta fi son lanƙwasawa a kai, da auna inda kowane zobe zai zauna magana ce mai zaman kanta. A taƙaice, ka manna zobban da salatif, ka zura igiya, ka lanƙwasa sandar da nauyi, ka matsar da su har igiyar ta bi lanƙwasar ba tare da kusurwa mai kaifi ba. Ka yi alama da fensirin kakin da yake gogewa.

Ƙafar zobe, a nan gizo ke saƙar. Ko zoben kamfani mai suna irin Fuji na Japan ne, sau da yawa bakin ƙafarsa yana zuwa da ɗan kauri, kuma zare siriri ba zai iya hawa tudu a tsaye ba. Zai taru a gindin, ya zame, ya bar giɓi inda ƙarfe yake leƙowa. Sai ka ɗauki magagari mai laushin haƙori ka fiƙe saman bakin ƙafar kamar yadda ake fiƙe alƙalami, gangaren ya tafi a hankali har ya kusa ɓacewa a jikin sanda. Kada ka mai da shi wuƙa, don kaifi yana yanke zare. Bayan magagari, bi shi da samfefa mai laushi. Sannan juya zoben ka shafa ƙarƙashin ƙafar da tafin yatsa: idan ka ji wani ɗan ƙaiƙayin ƙarfe, goge shi, domin shi ne zai huda jikin sanda duk lokacin da ta lanƙwasa. Ɗora zoben a kan sanda ka duba ta gefe da fitilar nan ta ƙasa. Ƙafar ta kwanta gaba ɗaya, kada baki ya ɗage, kada kuma ya soki sanda diddige yana sama. Idan bai kwanta ba, lanƙwasa shi kaɗan da filaya. Inda magagari ya ci baƙin fenti ya bar farin ƙarfe, ina shafa baƙar tawadar maka marar gogewa in bar ta ta bushe sosai, don kada ya haska ta cikin zare.

To, naɗin kansa. Zarena daga bayan sanda yake zuwa, ya hau ta sama, ina juyo saman sandar zuwa gare ni. Ta haka ina ganin daidai inda kowane zagaye yake sauka. Ana farawa ne a kan tsurar sanda, kimanin milimita 5 kafin bakin ƙafa, a nufi wajen zoben. Zagaya bakin zaren sau ɗaya, ka gitta zaren da yake zuwa daga kwarkwaro a kan wutsiyar, ka danne da yatsa, ka juya. Zagaye biyun farko su ne masu santsi, yatsa ba ya ɗagawa. Idan ka kai biyar ko shida, ja wutsiyar a hankali ta matse, tura gefen naɗin da farce ya miƙe, sannan ka yanke wutsiyar ka ci gaba a kanta.

Kwarkwaron ya kasance ya ɗan koma baya kaɗan, wajen da ka faro, yadda zaren zai shigo a ɗan karkace yana jingina da wanda ya riga shi. Idan karkatar ta yi yawa zai hau kansa, idan ta juya gaba zai bar giɓi. Shi ya sa nake matsar da kwarkwaron a kai a kai yayin da naɗi yake tafiya. Duk zagaye biyar ko shida ina tsayawa in tura zaren baya da farcen babban yatsa. Wannan ɗabi'a ce da ya kamata ta zama jiki, domin giɓin da ka bari a baya ba ya rufuwa da kyau daga baya. A bakin ƙafa kuwa rage gudu. Zagaye uku ko huɗu da suke hawa gangaren, ɗaya bayan ɗaya nake sa su ina kallo. Idan zaren ya hau ƙafar da zagaye shida ko fiye, ya riƙe ta, sai ka ɓare salatif ɗin.

Saura zagaye takwas ka ƙare, kwantar da madauki a jikin sanda, hancinsa yana kallon inda kake nufa, ka naɗe a kansa. Ni a ɓangaren da yake bayan zobe nake sa shi, kuma a kowane zobe wuri ɗaya, don idan akwai ɗan tudu duk su kasance a layi guda. Ka kai ƙarshe, danne da yatsa, yanke zaren ka bar kimanin santimita 6, zura shi a hancin madauki, ka ja madaukin baya a hankali. Akwai dabarar da nake so a nan: da zarar wutsiyar ta fara shiga ƙarƙashin naɗi, tsaya, yanke ta gajere da almakashi, sannan ka ƙarasa ja. Sai ta ɓace a ciki, ba ka ma buƙatar kai reza kusa da naɗin. Idan ka fi son fito da ita gaba ɗaya, to kwantar da rezar a kan naɗi ka jawo zaren ya sami kaifin, kada ka yi ta gurzawa. Reza sabuwa kawai. Wadda ta dakushe tana barin gashi, gashin nan kuma yana tsayawa ƙiƙam a cikin efoksi.

Zobe mai ƙafa ɗaya yana iya zarewa idan ya maƙale a jaka ko a ciyawa. Don haka nake yi masa kullin da ake kira da sunan Rich Forhan, Ba'amurken da ya fito da shi: idan ka iso wuyan zoben, sai ka zagaya zaren a wuyan kafin ka zagaya sanda, ka maimaita sau uku, sannan ka ƙara zagaye biyu ko uku a bayan wuyan ka rufe. Zobe mai ƙafa biyu ba ya buƙatar haka, amma tsawon naɗin ƙafafun biyu ya zama ɗaya, ka auna da rula ko ka ƙirga zagaye. Sanda mai gaɓa biyu kuma, bakin da ake zura ɗayan a ciki dole a naɗe shi, a tsaya milimita 1 daga baki, in ba haka ba zai tsage.

Bayan naɗi sai magogi. Shafa shi daga gefe zuwa tsakiya, ta dama sannan ta hagu, kada ka tura waje don gefen zai warware. Zaren yana ɗan bajewa ya rufe ƙananan giɓi. Idan akwai gashi, wuce da harshen fitilar sifirit ta gefe, da sauri, kana juya sanda. Kyandir da ashana suna barin baƙin hayaƙi, kuma nailan yana narkewa nan take idan wuta ta tsaya. Daga nan ɗaga sandar ka hango ta daga gindi zuwa tsini, ka daidaita zobban su zama layi ɗaya. Wannan ce damarka ta ƙarshe ta motsa su.

Zaren ado mai ƙyalli a gefen naɗi, zagaye uku zuwa biyar sun isa. Ni ban cika yawaita shi ba, musamman a sama wajen tsini, inda kowane ɗan nauyi yake rage wa sanda kuzari.

Ina da littafi a gefen tebur da nake rubuta tazarar zobba, lambar zare da launinsa, da yawan zagayen kowane naɗi. Ranar da zobe ɗaya ya karye aka dawo da sandar gyara, shi ne yake sa sabon naɗin ya yi daidai da sauran.

Efoksin shafe zare daban yake da na liƙa mariƙi, kada ka yi amfani da ɗaya a madadin ɗayan. Na shafe zaren ruwa biyu ne da ake aunawa daidai wa daida a haɗa. Yi amfani da sirinjin da aka yi domin wannan aikin, saboda na asibiti akwai silikon a cikinsa. Kada ka haɗa ƙasa da mililita 3 na kowanne ko da kaɗan kake buƙata, domin a ƙaramin awo kuskuren ɗigo ɗaya yana hana shi bushewa. Juya a hankali na minti uku har ya washe, sannan ka zuba shi a kan fallen alminiyam ya baje: kumfa tana fita, kuma ba ya saurin yin kauri. Ɗakin ya kasance tsakanin digiri 21 da 27, a kashe fanka, a rufe taga. Sa safar hannu, don yawan taɓa efoksi yana jawo wa wasu ƙaiƙayin fata da ba ya barinsu.

Fara da cika 'yan ramukan da suke gefen ƙafar zobe a ƙarƙashin zare, domin nan ruwa yake shiga ya kawo tsatsa. Sannan ka riƙe buroshi a wuri ɗaya sandar tana juyawa, ka bar efoksin ya zarce gefen zare da milimita 1 ya kama jikin sanda. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Sandar ta kwanta daidai, ba gangare, a kan ƙaramin injin da yake juya ta sau 6 zuwa 18 a minti, na awa huɗu zuwa shida. Idan babu inji, juya ta rabi da hannu duk bayan 'yan mintuna a awar farko, sannan ka riƙa tsawaita tazarar har ya daina zuba. Kada ka taɓa naɗin don ka ji ko ya bushe. Ajiye fallen alminiyam ɗin kusa da sandar, ragowar da take kai ita za ka taɓa. Idan ta yi tauri ba ta kama yatsa, sai ka duba naɗin da fitilar gefe, ka aske duk wani tsinin zare da ya tsaya da reza, ka yi shafi na biyu washegari.